Daga Bariki Zuwa Bakin Get: Zango da Sana'ar Tsaro a Ankara

 Wannan shi ne jawabin da muka gabatar a filinmu na tarihi. Mun sa shi a takarda saboda wanda bai samu saurara ba, da wanda ya saurara amma yana so ya riƙe sunaye da shekaru a hannu.

In ka taɓa tsayawa a bakin babban titin Nima da la'asar sakaliya, ka san abin da zan faɗa. Masu tsire na hura wuta, masu shayi na jera benci, yaran trotro na ta kiran fasinja. Cikin wannan hayaniya za ka ga waɗansu maza, dattawa da samari, kowa da 'yar jakarsa. Wani ya riƙo buta da sallaya da tocila, wani yana sanye da yunifom mai tambarin kamfani a kafaɗa. Su yanzu garinsu ya waye. Sun nufi Kantomen da Rij da unguwar masu hali da ke kusa da filin jirgi, inda za su kwana a bakin get ɗin wani. Kafin su tsallaka titin Kanda, sai ka ji rugugin jirgin sama ya taso daga filin da ke nan kusa.

To, ka riƙe waɗannan biyun a ranka: jirgin da ke sama da maigadin da ke ƙasa. A lissafin Turawa, sana'a ɗaya ce ta haɗa su, wato sana'ar jiragen sama da kayan yaƙi da tsaro. Kamfanin da ya ƙera jirgin yana cikin ƙungiya mai ofis da lauyoyi, wadda ministoci ke buɗe wa ƙofa. Shi kuwa maigadin, wa ke magana da yawunsa? Wannan tambaya ce za ta kai mu baya shekara fiye da 150, a nan Accra, wadda mu a zango muke ce wa Ankara.

Mece ce wannan ƙungiya ta masu masana'antu?

Bari mu fara da can Ingila, tun da su suka mulki ƙasar nan. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanonin da ke ƙera jiragen sama a Birtaniya, irin su Vickers da Handley Page da Bristol, suka haɗu suka kafa ƙungiya da ake taƙaita sunanta da SBAC. Dalilinsu a fili yake. Mai sayen hajarsu mutum ɗaya ne, wato gwamnati, kuma gwamnatin tana da tata masana'antar jiragen a wani gari da ake kira Farnborough. In kowane kamfani ya je ciniki shi kaɗai, yadda aka ga dama za a yi da shi. Da suka haɗa baki, sai magana ta yi nauyi. Kafin yaƙin ya ƙare, masana'antar gwamnati ta koma wurin bincike da gwaji, ƙira ta zama ta 'yan kasuwa.

A 2009 wannan ƙungiya ta haɗe da ta masu ƙera kayan soja da ta masu sayar wa 'yan sanda kayan aiki, suka zama ƙungiya guda mai suna ADS, wadda ke da kamfanoni fiye da 1,000, galibinsu ƙanana. Faransa ma tana da irinta, GIFAS, mai shirya baje kolin jirage na Le Bourget kusa da Paris.

Aikinsu fa? Na farko, su ne bakin 'yan sana'a a gaban gwamnati da majalisa, a kan haraji da kwangila da dokar fitar da makamai waje. Na biyu, suna daidaita ma'auni, ta yadda kusar da aka ƙera a wannan gari za ta shiga ramin da aka huda a wancan. Na uku, suna kula da koyon sana'a, suna ɗora ƙananan kamfanoni a kan hanya har su cancanci karɓar aiki daga manya. Na huɗu, suna shirya baje koli, inda mai saye da mai sayarwa ke haɗuwa. Na biyar, suna ƙidaya: ma'aikata nawa, ciniki nawa, haraji nawa aka biya. Da wannan lissafi suke shiga ofishin minista.

In ka duba da kyau, babu baƙon abu a nan ga ɗan zango. Ai abin da sarkin fawa ke yi wa mahauta ke nan, da sarkin maƙera ga maƙera. Haka maigida a fataucin goro na Gwanja: ya sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Mun san wannan tsari tun zamanin Salaga. Abin mamaki shi ne, sana'ar da ta fi kowace cin ƙarfin mazajenmu a bakin teku, ita ce ba ta samu irin wannan tsari ba.

Hausawan Gulba

A 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Kyaftin John Glover, da ke riƙe da mulkin Ikko, ya tara wata 'yar runduna. Da yawa daga cikin mutanensa 'yan arewa ne da suka gudo daga hannun iyayengijin da suka bautar da su a ƙasar Yarbawa. Aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Daga cikinsu aka kawo waɗansu Gwalkwas, wato Ghana ta yau, suka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar ta dindindin, ita ma Hausa ake kiranta. A 1901 ta zama Rejimantin Gwalkwas, a ƙarƙashin babbar rundunar Afirka ta Yamma.

Kada sunan ya ruɗe ka. A bakin Bature, duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa, Bahaushe ne. Akwai Barebari a ciki, da Fulani, da Zabarmawa, da Mosawa, da Dagwamba, da Gurunsawa, da Yarbawa Musulmi. Abin da ya haɗa su harshe ne. Da Hausa ake ba da umurni a fareti, har aka samu wata irin Hausa ta bariki da ake kira Barikanci. Haka ma 'yan sandan rakiya, masu tsaron zinari daga ma'adinai zuwa bakin teku, yawancinsu 'yan arewa ne, waɗansu tsofaffin soja. Mutanen gari suka sa musu suna buga-buga. Ka ji inda kalmar ta fito, kuma ka gane irin kallon da ake musu.

Nan akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bature ya zaɓi baƙo da gangan, don baƙo ba shi da dangi a garin da za a tura shi ya murƙushe. Hausawan bariki sun yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900 a ɓangaren Ingilishi. Wannan ya bar tabo tsakanin zango da masu gari, wanda bai gama gogewa ba.

Su kuma me suka samu? Shekara da shekaru sojan ƙafa ba shi da takalmi. Ana yi masa bulala a gaban 'yan'uwansa, kuma ba a soke wannan hukunci daga dokar soja ba sai 1946. Iyakar muƙaminsa saje manjo; baƙar fata na farko a Gwalkwas da ya samu cikakken muƙamin hafsa, Seth Anthony, sai a 1942 ya same shi. A watan Agustan 1914, wani sojan wannan rejimanti mai suna Alhaji Grunshi shi ne ya harba harsashin farko a duk rundunonin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo, kan hanyar zuwa Kamina, inda Jamus ta gina babbar tashar wayar iska. Shekara biyu bayan wannan harbi masu ƙera jirage suka yi ƙungiyarsu a Landan. Shi da abokansa kuwa, da an sallame su, sai kowa ya nemi zangon da zai raɓa: Tudu, ko Zangon Malam, ko Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa wajen 1912.

Yadda jirgin sama ya cika Nima

Nima kanta ba da soja ta fara ba. A 1931 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya samu fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, a bayan gari, inda zai riƙa tsayar da dabbobi kafin a shigar da su kasuwa. Wuri ne na makiyaya da mahauta da almajirai. Abin da ya mai da shi gari, yaƙin Hitila ne.

A tsakiyar 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, hanyar Bahar Rum ta toshe wa Ingila. Tana da sojoji a Masar suna jiran jiragen yaƙi, babu ta inda za a kai musu. Sai aka tuna da tashar jiragen ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928. Aka riƙa zuba jirage a manyan akwatuna daga Ingila, a sauke su a Takoradi, a harhaɗa su, sannan matuƙa su tashi da su su ratsa Afirka. A watan Satumban 1940 ayarin farko ya tashi: jirgi ƙirar Blenheim ɗaya yana ja gaba, Hurricane shida na biye. Saurari zangunan hanyar: Takoradi, Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, El Geneina, El Fasher, Khartoum, Alƙahira. Mai karatu na Kano da na Barno, ai ka gane ta. Tun daga Kano zuwa bakin Nilu, kusan sawun alhazan ƙafa jiragen suka bi. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun wuce ta wannan hanya. Kamfanin Bristol ne ya ƙera Blenheim, Hawker ya ƙera Hurricane, dukansu 'yan waccan ƙungiya ta 1916.

A 1941 Amurkawa suka shigo, da farko da sunan kamfanin Pan American, daga baya sojan samansu suka karɓi aikin, suka mai da Ankara babbar matattara. Aka faɗaɗa filin jirgi. A wannan shekara aka buɗe asibitin soja da har gobe ake kira 37. Ga bariki, ga gidajen hafsoshi a Kantomen. Duk wannan yana bukatar hannu: lebura mai fasa dutse, mai mirgina gangar mai, kuku, boyi, mai wanki, direba, da maigadi. Ina waɗannan mutane za su kwana? Nima ce wuri mafi kusa da talaka zai samu ɗaki, kuma a lokacin tana wajen iyakar hukumar gari, ba mai tambayar ka takardar gini. Haka aka yi ta jera ɗakuna ba titi ba magudanar ruwa, har ta tumbatsa zuwa Mamobi. In ka ga lungunan da mutum biyu ba sa giftawa a cikinsu, to, asalinsu ke nan.

A lokaci guda ana ta ɗiban samari zuwa fagen fama. Kimanin mutum 65,000 daga Gwalkwas suka sa kaki a wannan yaƙi. Sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha, sannan aka kai su Bama, cikin Runduna ta 81 da ta 82, tare da 'yan Nijeriya da Saliyo da Gambiya. Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a jikin barikokin Ghana: Kaladan, Arakan, Myohaung, Uaddara. Babban barikin Ankara ma sunan Bama yake amsawa. Albashin ƙaramin soja kuwa kimanin sule ɗaya ne a rana.

Shekarar 1948

Da yaƙi ya ƙare, Amurkawa suka naɗe kayansu, aiki ya ɗauke. Sojoji suka dawo, da yawa suka sauka a Nima da sauran zanguna, da ɗan kuɗin sallama wanda tsadar kaya ta cinye cikin 'yan watanni. Aikin da aka yi musu alkawari bai samu ba. Fanshon waɗanda suka naƙasa bai taka kara ya karya ba.

A nan ƙungiyoyi uku suka haɗu a shekara ɗaya, kuma ina so ka dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce AWAM, ƙungiyar manyan kamfanonin Turawa masu shigo da kaya Afirka ta Yamma. A lokacin yaƙi su ke da kaso mafi tsoka na lasisin shigo da kaya, kuma jama'a sun yi imani cewa haɗa baki suke yi su tsuga farashi. Har yau in ɗan Ghana ya ce abu awam ne, yana nufin an shirya shi ne don a cuce ka. Wani basaraken Ga, Nii Kwabena Bonne, ya jagoranci ƙaurace wa kantunansu daga 26 ga Janairu.

Ta biyu ita ce Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji, wadda B. E. A. Tamakloe ke wa sakatare. Akwai wata ƙungiyar tsofaffin soja da gwamnati ke ɗaure wa gindi, amma mutane sun ga ba ta tsinana musu komai, suka kafa tasu. Nan ne masu ɗaukar bindiga suka yi abin da masu ƙera ta suka yi tun 1916: suka rubuta bukatunsu a takarda ɗaya, suka naɗa wakilai. Ranar Asabar 28 ga Fabrairu suka yi jerin gwano don kai kokensu ga Gwamna Gerald Creasy. A mararrabar da ke kai wa fadar Osu 'yan sanda suka tare su. Wani Baturen ɗan sanda, Colin Imray, ya karɓi bindiga daga hannun yaronsa ya buɗe wuta da kansa. Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da soja Odartey Lamptey suka rasu. Gari ya kama da wuta, aka fasa kantunan Turawa, tarzoma ta bazu zuwa waɗansu garuruwa. Hukumar bincike ta Watson ta ƙidaya mutum 29 da suka mutu, 237 suka ji rauni. Aka kama shugabanni shida, cikinsu har da Kwame Nkrumah da J. B. Danquah. Daga rahoton wannan hukuma aka shiga sake tsarin mulki, aka yi zaɓen 1951, aka kai ga 6 ga Maris 1957.

Ta uku kuwa tana can Ingila. A watan Satumba na wannan shekara ta 1948, ƙungiyar masu ƙera jirage ta kai baje kolinta Farnborough a karon farko, garin nan da masana'antar gwamnati take a da. Har yanzu a can ake yin sa, duk bayan shekara biyu, kuma ADS ce ta gaje shi. Wata shida da 'yan kwanaki ke nan tsakanin harbin mararrabar Osu da bikin masu jirage. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma ka lura da abu ɗaya. Koken tsofaffin soja ya girgiza daular Ingila a ƙasar nan saboda sun zo a dunƙule. Shekara 70 kafin nan ana cutar soja ɗaya-ɗaya, ba wanda ya ji. Sai dai ƙungiyar tasu ta neman haƙƙin baya ce. Da 'yan siyasa suka karɓi ragamar gwagwarmaya, ba ta rikiɗe ta zama ƙungiyar sana'a mai koyar da yara da neman kwangila ba.

Daga kaki zuwa sanda da tocila

Tun a lokacin yaƙi Turanci ya fara ture Hausa a bariki, saboda rediyon soja da mota da igwa suna bukatar mai karatu. Bayan 'yanci, Ghana ta kafa kamfanin jiragenta a 1958 da rundunar sojan sama a 1959. Matuƙi da makanikin jirgi sai mai takardar makaranta. Iyayenmu kuwa sun daɗe suna ɗari-ɗari da makarantun mishan, don tsoron addinin 'ya'yansu, kuma suna da hujjarsu. Amma sakamakon shi ne, unguwar da filin jirgi ya cika da mutane ta koma kallon jirgi daga nesa. Tsohon soja da ɗansa suka koma gadi.

Wani masani ɗan Ingila, Keith Hart, ya zauna cikin Frafra na Nima tsakanin 1965 da 1968. Ya ga albashi ba ya riƙe mutum, dole kowa ya haɗa da wani abu: ƙaramar tireda, noman bayan gida, dillanci, ba da bashi. Daga abin da ya gani a lungunanmu ya fito da kalmar da Bankin Duniya da gwamnatoci ke amfani da ita yau, wato tattalin arzikin da ba ya cikin rajista. Kai ma ka san maigadin da ke ɗinkin hula ko sayar da sigari da alewa a bakin get.

Sai ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, ranar 18 ga Nuwamba 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Dubban ɗaruruwa suka kama hanyar Nijeriya da Nijar da Togo da Burkina, wadda a lokacin ake kira Volta ta Sama. Cikin waɗanda abin ya taɓa har da zuriyar mutanen da suka sa wa ƙasar nan kaki. Wanda ke tsoron a tambaye shi takardar zama ba ya zuwa ofis neman ƙarin albashi.

Daga baya gadi ya koma hannun kamfanoni. A 1992 aka yi ƙa'idar da ake kira L.I. 1571, wadda ta ce kamfanin tsaro sai da lasisin Ministan Cikin Gida, kuma ma'aikatansa ba sa riƙe bindiga. Masu kamfanonin suka yi tasu ƙungiyar, APSOG. Ka ga, su ma sun gane karatun. A ɓangaren ƙira kuma, Nijeriya ta kafa DICON a Kaduna tun 1964, da taimakon wani kamfanin Jamus, aka sabunta dokarta a 2023 don a jawo 'yan kasuwa. Sojan Ghana suka kafa nasu kamfanin, DIHOC, a 2010, wanda ya farfaɗo da tsohuwar masana'antar takalma ta Kumasi don yi wa jami'an tsaro but. Jikokin sojan da ya yi fareti ba takalmi, yau ana ɗinka wa soja takalmi a ƙasarsu. Tambayar ita ce, hannun wa ke ɗinkin?

Abin da ya rage gare mu

Ban kawo maka wannan tarihi don mu yi kuka ba. Kuma ban ce a kwaikwayi masu cinikin makamai a komai ba. Sana'a ce da ke da jini a hannunta, kuma AWAM ta nuna mana yadda ƙungiyar 'yan kasuwa ke iya zama ƙungiyar cuta in babu mai sa mata ido. Dabarar kawai muke so.

Ka koma kan ayyuka biyar ɗin nan, ka ɗora su a kan Nima da Mamobi. Ƙidaya: masu gadi nawa ke fita daga unguwannin nan kowane dare, awa nawa suke yi, nawa ake biyansu, nawa ne cikinsu ake zuba wa kuɗin fansho a SSNIT? Duk masallacin unguwa zai iya buɗe littafi a kan wannan. Ma'auni: takardar yarjejeniya guda, gajeriya, da Hausa da Turanci, wadda babu ɗan ƙungiyar da zai kama aiki ba tare da ita ba, mai faɗin albashi da ranar hutu da wanda zai biya asibiti in ɓarayi suka sare shi. Koyarwa: gadin yau ya koma na kyamara da ƙararrawa da wayar lantarki a kan katanga, kuma yaran da ke gyaran waya a Sakul za su iya koyon haɗa su cikin 'yan watanni. Baje koli: ko da rana ɗaya ce a shekara, inda masu walda da masu ɗinkin yunifom da masu takalma da masu haɗa kyamara za su nuna wa kamfanoni da hukumomi aikinsu. Baki ɗaya: wakilan da za su zauna da APSOG, da Ma'aikatar Cikin Gida, da Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017, su ce ga yawanmu, ga abin da muke nema.

Tela ɗaya ba zai iya karɓar kwangilar yunifom 2,000 ba. Tela 40 masu awo ɗaya da shugaba ɗaya da asusu ɗaya za su iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma dole shugabancin ya zama na zaɓe, littafin kuɗi a buɗe, don mun sha ganin ƙungiyar da ta mutu a aljihun ma'aji.

Maganar nan ba ta Ankara ce kaɗai ba. Buzun da ke gadi a Kano da Ikko, da Bazabarmen da ke kwana a bakin kanti a Lome da Kwatano, da tsohon sojan da ke tsaron banki a Yamai, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

In kana da tsoho a gida wanda ya je Bama, ko ya yi aiki a filin jirgi zamanin Amurkawa, ko kana da lambar girmansa ko takardar sallamarsa a ƙasan akwati, ka adana ta, ka zauna da dattawan gida ka rubuta abin da suka tuna. Ka aiko mana, za mu karanta a fili. In kuma kai ne mai fita gadi yau da magariba, ka tambayi na kusa da kai a trotro nawa ake biyansa, ka gaya masa naka. Daga nan ake farawa.

Allah ya ji ƙan mazan jiya, ya tsare masu tsaron dare. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.